Gurbin Yatsan Kaka

"Manaja? Wane irin manaja kuma?"

Ɗan Goggo ne ya jefo tambayar daga bakin ƙofar falo, yana kaɗa makullin motarsa a yatsa. Ƙamshin turarensa ya riga shi samun wurin zama.

Auta ta tsaya cak da farantin lemo a hannu.

"Manajan kamfanin faranti da kofuna," in ji Yaya, babban wanta, wanda shi ne uban gidan tun rasuwar mahaifinsu. "Baƙon Auta ne, ya zo gaida Umma. Ka san shi ne?"

"Sani kai!" Ɗan Goggo ya kwashe da dariya. "Ai shekaranjiya na bi ta layin makanikai na gan shi a durƙushe yana kwaɓa yumɓu, taɓo har gwiwar hannu. Yaya, maginin tukwane ne fa! A ce ya buɗe hannunsa a gani."



Baƙon yana zaune a kujerar kusa da taga, cikin sabuwar farar rigar da Auta ta zaɓa masa da kanta. Bai firgita ba. Ya buɗe tafukansa biyu a kan gwiwa, ga kanta, ga tabon ƙuna, ga jan yumɓu a gefen farce wanda sabulu bai taɓa cin galabarsa ba.

"Gaskiya ya faɗa, Yaya," ya ce a hankali. "Ni magini ne. Ina gina tukwane da kofuna, ina gasa su a tanderuna."

"To, manajan fa? Daga ina ya fito?"

Magini ya ɗago ya dubi Auta.

Kallo ɗaya kawai.

Ita kuwa ta kafa wa kafet ido kamar yau ta fara ganinsa. 

"A yi mini afuwa," ya ce. Ya miƙe, ya rusuna ya yi wa Umma sallama, ya fita bai ko taɓa lemon ba.

Yaya ya girgiza kai. "Sana'a ba abin kunya ba ce. Amma namijin da zai yaudari yarinya da muƙamin da ba shi da shi, ba ni da ƙanwar ba shi. Kada ya sake tako min gida."

Umma ta jawo Auta jikinta tana shafa mata baya. "Yi shiru, 'yar autana. Gode wa Allah da ya tona masa asiri da wuri."

Nan fa kuka ya ƙwace mata. Kowa ya ɗauka kukan wadda aka yaudara ne, alhali ita kaɗai ta san gaskiya: bawan Allahn nan bai taɓa ce mata shi manaja ba ne. Ita ta ƙera masa muƙamin da bakinta, ta kai wa Yaya.

Auta a gida take Auta. A makaranta kuwa sunanta Anti Yumɓu.

Ita ke koyar da aikin hannu, daga 'yan firamare har zuwa ƙananan azuzuwan sakandare, a wani ɗaki na ƙarshen baranda mai dogayen tebura huɗu da famfo ɗaya mai ɗiga. Ƙananan suna yanka takarda su manna, su yi tsuntsaye da kwali, su koma gida da gam a gira. Manyan kuma, in zango ya raba, sai ta kawo musu yumɓu. Ranar yumɓu babu mai ciwon ciki, babu mai neman izinin fita.

Tana son yaran nan har ranta, wannan ba a musu. Sai dai tana da wani hali guda: idonta ba ya iya zama da abin da ya karkace. In ta shiga gidan mutane ta ga hoto ya ɗan kauce a bango, hira ba ta yi mata daɗi sai ta tashi ta daidaita shi. Haka in an tashi daga makaranta, sai ta bi ayyukan yara ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe wa tsuntsu baki, ta goge inda fenti ya zarce. Ba ta ɗauki abin a bakin komai ba. A ganinta taimako ne.

Makarantar ba ta da tanderu, shi ya sa aka haɗa ta da Magini. Ran da ta fara kai masa kayan yara a kwali, ya ɗauki wata giwa mai ƙafa uku ya daɗe yana juya ta, yana murmushi.

"Wannan yaron zai yi nisa," ya ce.

"Ƙafa uku fa ya yi mata!"

"Amma ta tsaya. Ki gwada tsayar da giwa da ƙafa uku ki ji yadda ake ji."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Daga ranar sai kwali ya riƙa yi mata nauyi, sai ta raba kayan gida biyu don ta je sau biyu. Shi ma sai gashin kwana biyu ya riƙa buƙatar a kira waya ana ba da rahoto safe da yamma, sai ka ce mara lafiya aka kwantar. Yana kiranta 'Yar Malamata. Ita tana kiransa Mai Wuta. Yana da wata magana da yake yawan yi in yana jera kaya a tanderu.

"Ido ana ruɗinsa, 'Yar Malamata. Wuta ba a ruɗinta."

Takan ce, "To, mun ji, malam mai wa'azi," ta wuce.

Da magana ta yi nisa har aka zo batun gaida Umma, sai tsohon halin ya motsa. Ta kalli gidansu, Yaya da takardunsa na ofis, Ɗan Goggo da motarsa, wanda shekara biyu ke nan yana zarya tana yi masa kwana-kwana. Ta kalli Mai Wutarta da hannayensa. Sai ta ga kamar hoto ne ya ɗan kauce a bango.

Ta saya masa riga. Ta kawo masa buroshin goge farce. Ta ce, "In an tambaye ka aiki, ka bar ni in amsa, ka ji, masoyina?"

Ya dube ta da mamaki. "Me ya sami bakina?"

"Babu komai... kawai na fi ka sanin Yaya."

Ya karɓi rigar. Bai san ta riga ta ba da amsar tun mako guda da ya wuce ba. Ita kuma ba ta san Ɗan Goggo ya bi bayanta har layin makanikai ba. Garin neman gira ke nan.

Kwana uku bayan abin da ya faru a falo, wayarta ba ta yi ƙara da sunansa ba. Ta rubuta saƙo ya fi goma tana gogewa. A rana ta huɗu dole ta kama ta, don kofunan 'yan aji ɗaya na sakandare suna wurinsa, guda talatin da huɗu, kuma jibi ne ranar da iyaye za su zo ganin ayyukan yaransu.

Ta same shi a rumfarsa yana share toka, cikin tsohuwar rigar aikinsa mai huda a kafaɗa. Farar rigar tana rataye a ƙusa cikin leda.

"Sannu da aiki," ta ce da ƙaramar murya.

"Sannu da zuwa, Malama."

Malama! Ba 'Yar Malamata ba. Gara a ce ya zage ta.

Ya kai ta wurin teburi. Kofunan suna jere kashi biyu. Na dama karkatattu ne, wani baki a murguɗe, wani hannu kamar kunnen zomo, amma duk lafiya lau, ja jawur. Na hagu kuwa su ne masu kyan fasali, sumul-sumul, kuma kowanne ya tsage. Wasu ma gefensu ya ɓalle ya faɗi.

"Innalillahi! Me ya faru? Wutar ce ta yi yawa?"

"Wuta ɗaya suka sha duka." Ya ɗauki guda ya nuna mata bakin tsagar. "Sha ɗaya ne. An bari sun bushe, sannan aka zo aka liƙa musu ɗanyen yumɓu a kai, aka shafe da ruwa. An iya shafar kam, ni kaina ban gani ba da nake jera su. Amma sabo da tsoho ba su bushe tare ba, da zafi ya taso sai kowa ya ja nasa wuri."

 Ita ce. Ana gobe za a kawo su ta tsaya bayan an tashi, ta zaɓi waɗanda suka fi damun idonta ta cike musu ramuka, ta miƙe musu baki, don kada iyaye su yi dariya.

"Gyarawa na yi," ta ce, hawaye na taruwa. "Wallahi gyarawa kawai na yi..."

"Na sani." Muryarsa babu faɗa ko kaɗan, kuma wannan ya fi ciwo. "Ni ma ai gyara ni kika yi."

"Mai Wuta, don Allah..."

"Ban ji zafin ɗan goggonki ba, shi abin da ya gani ya faɗa. Ban ji zafin Yaya ba. Abin da ya tsaya min a rai, ashe duk zaman da muke yi a rumfar nan kunyata kike ji."

"Ba haka ba ne!"

"To yaya ne?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya shiga naɗe kofunan a tsohuwar jarida ɗaya bayan ɗaya, masu lafiyar da fasassun, duk da kulawa iri ɗaya. Ya ciro farar rigar daga ƙusa ya ɗora a saman kwalin, ya kai mata har bakin titi.

Washegari ta jera kofunan a ajin. Kowane yaro ya san nasa, don ta koya musu su danna babban yatsa a gindin kofi tun yana ɗanye. Ashirin da uku suka yi ta tsalle, wani yaro da ake kira Sarkin Surutu har da yi wa nasa kirari. Sha ɗaya suka tsaya cirko-cirko.

Akwai wata yarinya a layin baya, 'Yar Shiru ake ce mata, don sai a yi mako ba a ji muryarta ba. Ta ɗauki kofinta da ya rabe biyu, ta daɗe tana duba gefensa. Sannan ta tako har gaban teburi.

"Anti, wa ya cike min ramin?"

"Wane rami, 'yata?"

"Na nan gefen. Na yi rami a nan."

Anti Yumɓu ta tuna shi sarai. Wani lotsattsen wuri ne mai zurfi a jikin kofin, shi ta fara cikewa.

"Ai na ɗauka hannunki ne ya zame..."

"Ba zamewa ba ne." Yarinyar ta nuna gefen kofin. "Hannun Kaka yana karkarwa, kofi yana suɓuce mata, shayi ya zube mata a jiki. Shi ne na auna babban yatsanta da zare, na yi masa wurin zama. Na ce mata gobe zan kawo."



Anti Yumɓu ta zauna a kan 'yar kujerar yara. Shekara biyar tana bin ayyukan yara tana gyarawa, ba ta taɓa tambayar ko mutum ɗaya me ya sa ya yi abin da ya yi ba. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

Tana iya cewa wuta ce. Yara za su yarda, wa zai je ya tambayi wuta? Sai ta tuna wani mutum a falonsu da tafukansa a buɗe.

"Ni ce," ta ce. "Ku saurare ni duka. Ba wuta ba ce ta fasa muku kofuna, ba kuma laifinku ba ne. Ni na taɓa su bayan kun tafi, ban tambaye ku ba. Na yi kuskure. Ku yafe min."

Yaran suka kalli juna. Ba su taɓa jin babba ya faɗi haka ba.

"Anti, to za a yi miki bulala?" in ji Sarkin Surutu.

Dariya ta ɓarke, ita ma ta yi, da hawaye a fuska. Ta ɗauko sabon yumɓu ta raba wa sha ɗayan, ta zauna a kan hannayenta don kada su yi mata gardama. 'Yar Shiru ta zaro zarenta daga aljihu ta sake aunawa.

Da yamma ta tarar da Umma tana ninke wanki a falo, Yaya yana duba waya. Ba ta ko ajiye jaka ba ta durƙusa a tsakiyarsu.

"Umma, Yaya, ina da magana. Bai taɓa ce min shi manaja ba ne. Tun ranar farko na san magini ne, a rumfarsa na same shi. Ni na ƙirƙiro maganar, don ina tsoron ku raina shi."

Yaya ya ajiye wayar. "Ke? Ke kika yi ƙaryar?"

"Ni ce, Yaya."

"Kina tsaye a nan na ci masa mutunci, kika yi shiru?"

"Na yi shiru."

"Amma ke dai an yi..." Ya kasa ƙarasawa, ya miƙe ya yi zarya sau biyu. "Ni kika mayar mutumin banza! Yaushe na taɓa ce miki ina aurar da ke ga kujerar ofis?"

 Umma ta ninke zanen da ke hannunta, ta sake warware shi, ta sake ninkewa.

"Wato yaron nan," ta ce a hankali, "ya san ke kika yi, aka kira shi mayaudari a gabana, ya haɗiye ya fita don kada ya kunyata ki a gaban 'yan uwanki?"

"Haka ne, Umma."

"Kai, Auta! Allah ya ba ki zinariya kika shafa mata fenti." Ta juya ga Yaya. "Gobe ka je ka ba shi haƙuri."

"A'a, Umma," in ji Auta tana share ido. "Ni na ɓata. Ku bari in fara zuwa."

Sai da kofunan sha ɗaya suka yi mako suna shan iska a kan teburin ajin, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ranar iyaye ta zo ta wuce, ta tsaya da bakinta ta yi musu bayanin abin da ya sa wasu wurare suke fayau a teburi. Sannan ta ɗauki kwali ta nufi layin makanikai.

Ya buɗe kwalin, ya ciro na 'Yar Shiru. Ya juya shi, babban yatsansa ya faɗa cikin ramin ya zauna daram.

"Wannan da gangan aka yi shi," ya ce nan take. "Don mai raunin hannu."

 Abin da ta kasa gani, shi daƙiƙa ɗaya ta ishe shi.

"Na faɗa wa yaran ni na fasa na farkon," ta ce. "Na faɗa wa Umma da Yaya ni na yi ƙaryar. Ka tambaye ni ko kunyarka nake ji, ban ba ka amsa ba. Eh, na ji, kuma ban san ina ji ba sai da ka faɗa. Yanzu kunyar kaina nake ji. Ban zo in gyara komai ba, Mai Wuta. Na zo ne in ce ka yafe min, in kuma ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba."

Ya daɗe yana kallon kofin.

"Yaya ya yi faɗa?"

"Har yau ba ya amsa gaisuwata sosai."

"Kin yi kuka?"

"Kamar famfon ajinmu."

Gefen bakinsa ya motsa. Ya yi ƙoƙarin riƙe murmushin, ya gagare shi.

"Rigar fa, kin mayar wa masu shago?"

"Tana gida."

"Ki ba ɗan goggonki, za ta yi masa kyau." Ya ajiye kofin a hankali. "Zo ki taya ni jera su, 'Yar Malamata. Amma hannu a baya!"

Ta yi dariya, ta yi kuka, ta rasa wanda za ta fara gamawa.

Sha ɗayan suka fito daga wuta babu wanda ya tsage. Kakar 'Yar Shiru ta aiko da godiya, wai yanzu shayinta a cikinta yake ƙarewa, ba a zane ba.

Da Magini ya sake zuwa gidan, cikin tsaftatacciyar rigarsa ta kullum ya zo. Yaya ne ya tare shi tun daga ƙofa, ya kama hannun nan mai kanta da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Umma ta ce, "Ɗana, ni ce mai jin kunyarka." Ɗan Goggo kuwa tun da ya ga tonon da ya yi ya zama shuka, sai ayyuka suka yi masa yawa a ofis.

Bayan wata huɗu aka yi auren. 'Yan ajin suka haɗa mata kofuna talatin da huɗu, babu biyu da suka yi kama. Suna nan jere a kabad ɗin falonta, wani ya jingina da wani, wani yana hararar rufi. Wani lokaci in ta wuce sai yatsunta su yi mata ƙaiƙayi, sai ta tura su aljihu.

Rannan wata tsohuwar ƙawarta ta zo ganin ɗaki, ta karɓi shayi a kofi mai kunnen zomo tana ƙunshe dariya. Sai ga shi ya shigo daga aiki, jan yumɓu a farce.

"Af, ango ne? Ni har yau ban ji ba, me yake yi ne?"

Magini ya buɗe baki, sai ya fasa, ya dubi matarsa.

Ta ajiye butar shayi, ta kamo hannunsa ta ɗaga shi yadda ƙawar za ta gani da kyau.

"Magini ne," ta ce. "Kofin da ke hannunki ma, shi ya gasa shi."